Shirun da Inna ta bari a cikin kaset

An haife ni a Garwa, a unguwar Yelwa, shekarar 1969. Kakanmu Bakatsine ne, fataucin goro ya kawo shi bakin Binuwai, ya ga wuri ya shimfiɗa tabarma. Shi ya sa a gida Hausa muke yi, a kasuwa Fulatanci, a makaranta kuma ɗan Faransancin da bai taɓa zama mini a kai ba. Shekara talatin da biyu na yi ina cin abinci da kunnen mutane: gyaran rediyo, juyen kaset, daga baya turin waƙa a memori. Yanzu fanka nake gyarawa, ina sayar da caja a gefe. Labarin da zan bayar na kaset ɗaya ne, amma ba zai fahimtu ba sai na faro daga rediyon Baba.

National ce, mai batir huɗu manya. Inna ta ɗinka mata riga da yadin da ya rage daga zanen sallarta, ta bar ƙofa daidai wajen murɗawa. Ba wanda yake taɓa ta sai Baba. In an sauko daga asuba sai ya fito da ita zaure, ya ja eriya, maƙwabta su shigo kowa da kofin kokonsa. Ƙarfe shida da rabi a kama Landan. Da rana a nemi Jamus. Kaduna kuwa ita ce ta zaɓi-sonka da waƙoƙin kalangu, ga kuma tasharmu ta Garwa da ke yin Hausa da Fulatanci. A gajeren zango murya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Takan matso har ka ji numfashin mai karanta labarai, sai kuma ta janye kamar wanda kwale-kwale ya yi tsakiyar kogi da shi. In ta janye, duk zauren sai ya sunkuyo. Mai tari ya haɗiye tarinsa. Daga baya ne maigidana da ya koya mini gyara ya bayyana mini cewa saƙon sama yake hawa, ya bugi wani shimfiɗi na iska can nesa ya dawo ƙasa, shi ya sa wasu tashoshin sun fi fitowa da dare. A lokacin ni dai na ɗauka mutumin ne yake kai da komo a ɗakinsa.

Daren 4 ga Nuwamba 1982 ina da shekara goma sha uku. Ahmadu Ahijo, ɗan garinmu, ya yi magana a rediyo ya ce ya ajiye mulki. Da Faransanci ya yi, wani malamin makaranta da ke zauren yana juya mana. Da ya gama, wani tsoho mai sayar da kanwa ya ce, "Alhaji, a maimaita mana, ban ji farkon ba." Baba ya dube shi ya ce, "Wa zai maimaita? Ya faɗa ya wuce." Haka magana take a duniyar da na tashi. Ruwan kogi ce, in ba ka tara ƙwarya ba lokacin da take wucewa, sai dai ka roƙi wanda ya tara.

A 1984 aka kai ni koyon gyara wajen wani Babarbare da ke da rumfa a gefen babbar kasuwa. Mutum ne marar yawan magana, mitarsa ma ta lalace tun kafin in zo, bai kuma saya wata ba. Da kunne yake aiki. In an kawo rakoda sai ya sa kaset ya lumshe ido. In muryar mawaƙi tana rawa kamar mai jin sanyi, ya ce robar da ke matse zare ce ta taurare. In ta yi nauyi tana jan ƙafa, bel ne ya saki ko batir ya gaji. In ta toshe kamar ana magana cikin bargo, kai ne ya yi datti, a kawo auduga da sifirit. Akwai wani ɗan ƙaramin sukuru a gefen kan, in ka juya shi kaɗan sai sauti ya buɗe kamar an ɗage labule. Wata uku ya sa ni ina juya sukurun nan kafin ya yarda in taɓa na mutane. Ranar da na fara buɗe kaset na ga abin da ke ciki, raina ya ɗan ɓaci. Wani siririn zare ne mai ruwan ƙasa, an shafa masa garin ƙarfe, kusan mita 130 a cikin kaset na minti casa'in, yana wucewa a hankali, bai kai santimita biyar ba a daƙiƙa. Na ɗaga shi a rana ina neman inda muryar take. Maigida ya ce, "Kai, mayar. Ba a gani."

Yayana, ɗan farin Inna, ya tafi aikin hajji a 1986 bai dawo ba. Ya sami ɗinki a Jidda ya zauna. Bai iya rubutun boko ba, Inna kuma ba ta karatu ko ɗaya. Da alhazai suka dawo shekarar da ta biyo, wani ya miƙo mana ƙunshi: dabino, turare, carbi, da kaset ɗaya a naɗe cikin hankici.

Na aro rakoda a rumfa. Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, har matan maƙwabta suka shigo. Na danna. Aka ji shuuu, aka ji ƙarar mota can nesa, sai muryar Yaya: "Salamu alaikum." Ya yi shiru. Gidan gaba ɗaya ya amsa. "Baba ina wuni?" Shiru. Baba ya gyara zama, ya ce, "Lafiya lau," a hankali, kamar wanda aka kama. "Inna ina wuni? Ina gajiya? Yaya jikin naki, ƙafar ta yi sauƙi?" Bayan kowace tambaya yana barin wuri. Ba wanda ya koya masa haka. Ya dai san ba a jera wa babba gaisuwa ba tare da an saurari amsa ba, ko da babban yana bayan teku. Inna kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta amsa da ƙarfi. Ta kawar da kai tana gyara bakin mayafi, amma ni da ke kusa na ji tana cewa "da sauƙi" a ƙasan maƙoshi.

Washegari gardama ta tashi a zaure. Wani ya ce amsa sallamar kaset wauta ce, ai ba mutum ba ne. Wani ya ce to in ba mutum ba ne, muryar wa muka ji? Aka kai maganar gaban malamin unguwa, aka haɗa masa da wata: in kaset ya karanta ayar sujada, mai sauraro zai yi sujada? Malam ya ce a abin da ya karanta, mai sauraro yana bin mai karatu ne in ya zauna domin koyo a wurinsa, kuma mai karatun ya cancanci limanci. Akwati kuwa ba ya limanci. Game da sallama ya ɗan yi murmushi ya ce, "Wanda ya yi ta da niyya ya yi. Ku amsa masa, ba za ku yi asara ba." Na daɗe ina juya amsoshin nan biyu. A ta farko akwatin ba kowa ba ne. A ta biyu akwai mutum a cikinsa. Kuma duka biyun na ga gaskiyarsu.

Da lokacin tafiyar alhazai ya zagayo muka naɗi namu. Ni ne mai danna jan maɓalli. Kowa ya zo ya durƙusa gaban rakoda kamar gaban hakimi. Ƙannena suka yi ta dariya aka yi ta sakewa. Baba ya ƙi. Ya ce shi ba zai bar muryarsa tana yawo a jakar mutane ba, ranar da ya mutu a riƙa tashinsa ana sa shi magana. Ya ce in gaya wa yaron yana sa masa albarka, shi ke nan. Ya koma gefe kan buzunsa. Inna ta yi gaisuwarta a gaban kowa, gajeriya, tana cewa "a gaya wa mutumin Jidda" kamar ba shi zai ji ba. Sai da aka watse ta kira ni ɗaki ta ce in nuna mata inda ake dannawa, in fita, in ja ƙofa. Na fita. Haka ta riƙa yi duk shekara, har shekara bakwai. Ban taɓa saurara ba. Nakan cire kaset ɗin in naɗe shi a takarda in kai wa mai tafiya.

A 1990 na buɗe rumfata. Rakoda mai baki biyu guda uku, amfilifaya, da lasifika biyu da kafinta ya yi mini akwatinsu. Kaya daga Kano suke zuwa ta Mubi ko ta Yola: wa'azi, karatun Alƙur'ani, waƙoƙin Hausa, na Indiya, ga na Kongo da na Sudan da mutanen Chadi ke nema. In na sami uwa ɗaya mai kyau sai in yi ta haifar 'ya'ya daga gare ta. Sai dai kowane juyi yana ƙara shuuu, yana rage haske. Ɗa bai kai uwa ba, jika bai kai ɗa ba, tattaɓa-kunne kuwa sai ka rantse a cikin ruwan sama aka yi waƙar. Ran Lahadi in ɗaure kwali a bayan babur in tafi kasuwar Pitowa. Mutum zai tsaya ya saurari waƙa ɗaya har ƙarshe kafin ya ciro kuɗi, ya tafi da kaset ɗin ƙauye, a ji shi har zaren ya tsinke, a kawo mini in haɗa da jan farce, in naɗe da biro. Akwai kaset ɗin da na yi wa ɗori sau shida. Mai shi ya haddace har wuraren da waƙar ke tsalle, in yana rerawa shi ma sai ya tsallake.

Wata rana ina sa wani kaset na goge da na samu hannu da hannu, ban ma san mai shi ba, sai na ga wani tsoho ya tsaya a bakin rumfa. Rigarsa ta ƙoɗe, yana rataye da goge a cikin tsumma. Ya tsaya har aka gama gefe ɗaya. Ya ce, "Yaro, ka san wannan?" Na ce a'a. Ya ce, "Ni ne. A wani biki ne a Gidar, shekarun baya. Ban san an ɗauka ba." Kunya ta rufe ni. Na sayar da kaset ɗin nan ya fi sau ɗari, ko dala bai gani ba. Na kawo kujera, na sayo masa shayi, na haɗa jaka biyu na ba shi. Ya karɓa bai ƙirga ba. Ya ce in sake sa masa. Yana ji yana kaɗa kai, can ya ce, "Wannan yaron na ciki ya fi ni numfashi. Shi ake gayyata biki yanzu, ni ana ba ni sadaka." Bai faɗa da fushi ba. Da ya tafi na cire kaset ɗin daga layi kwana biyu, a na uku wani ya tambaya na juya masa. Ba zan yi ƙarya ba.

Amma wannan ba shi ne babban laifina ba.

Baba ya rasu a 1991. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi, har da kaset marar komai. Jarina ya kusa karyewa, ga aure na yi, ga jariri. A cikin akwatin Inna akwai kaset bakwai na Yaya, duk masu kyau, TDK da Maxell na Saudiyya, irin waɗanda in ka juya waƙa a kansu takan fito tas. A saman kowane kaset akwai 'yar ƙofa da ake ɓallewa don kada a yi naɗi a kai. Yaya ya ɓalle nasa duka. Ni kuma na san dabarar: ka cusa takarda a ramin, shi ke nan. Na ce wa kaina ai an riga an ji su, gaisuwa ce kawai, kuma mai muryar yana raye, zai aiko wani. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Na juya waƙoƙin Indiya a kansu na sayar wa wani direban babbar mota. Inna ta tambaya sau ɗaya, na ce suna rumfa ina goge musu ƙura. Ba ta sake tambaya ba. Ta rasu a 1996.

Daga nan kiɗa ya yi ta canzawa, mu ma muna canza rawa. Faifan CD ya zo, bai daɗe ba, ƙurar Garwa da zafin watan Afrilu ba su bar shi ya yi tsawon rai ba. Sai wayoyin China masu memori. Na sayar da rakodoji biyu na sayi tsohuwar kwamfuta, wani yaro ya koya mini turi. Abin ya ba ni mamaki: kwali goma na kaset a cikin abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na tambayi yaron yadda aka yi ya shiga. Ya ce wasu injiniyoyi ne a Jamus suka ƙirƙiro MP3, suka yi nazarin kunnen ɗan Adam, suka gano cewa in ƙara mai ƙarfi da marar ƙarfi suka zo tare, kunne ba ya kama ta biyun. Sai suka sa na'ura ta riƙa zubar da duk abin da ta yi hukuncin ba za a ji ba, har waƙa ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Na ce, kunnen wa suka auna? Ya yi dariya. Ni ba da wasa na tambaya ba, amma na bar maganar, don ciniki yana tafiya.

Cinikin ne ma ya fara ba ni tsoro. Da, mutum yakan zo ya ce waƙa kaza ta wane yake so, wadda aka yi wa wane. Yanzu sai ya miƙo memori ya ce, "Cika mini." In ce da me? Ya ce, "Ko me." Waƙa ɗari biyar a dala ɗari. Ina kallonsu a bakin rumfa suna gwadawa: a ji daƙiƙa biyar a tsallake, a ji uku a tsallake. Ga kuma abin kunnen nan da yaranmu ke kira ekutar. Samari biyar a benci ɗaya, kowa da duniyarsa, kowa yana kaɗa kai a kan kiɗan da na kusa da shi ba ya ji. Ban ce zamanin da ya fi ba, don na san wahalar batir, na san shanya shi a rana don ya ƙara kwana ɗaya. Kuma na ga matan kulle da wayar nan ta kai wa karatu har cikin ɗaki, wanda da sai dai su jiyo ta katanga. Abin da na lura da shi dai, sunkuyon nan na zauren Baba ban sake ganinsa ba. Da Xender da WhatsApp suka zo, yara suka riƙa tura wa juna kyauta, a 2016 na rufe harkar sauti.

Na tsallake wani abu, bari in koma. Yaya ya dawo a 2004, ba lafiya, da akwati ɗaya. Wata rana ina zaune a gefen gadonsa ya sa aka jawo akwatin. A ƙarƙashin kaya akwai gwangwanin biskit, a ciki kaset bakwai, kowanne da shekararsa da ajami, kowanne an ɓalle masa ƙofa. Namu ne. Ya ce duk daren Juma'a yakan sa ɗaya. Sannan ya ce, "Nawa fa? Ina so in ji yadda nake da." Na ce zafi ya narkar da su. Ya dube ni, ya daɗe, ya ce, "Ba komai." Tela ne, ya san ɗinkin da aka yi da gaggawa. Ya rasu a shekarar da ta biyo. Yau duk duniya babu inda muryarsa take. 'Ya'yansa biyu da ya bari ƙanana sun taɓa tambayata yadda yake magana, na kwaikwaya musu, ban iya ba.

Sai da aka yi arba'in na iya buɗe gwangwanin. Shida sun manne ko sun yi fumfuna, na ceto abin da na ceto. Na 1989 ne ya fita lafiya. Na bari sai dare, na sa shi a rumfa ni kaɗai. Ga ƙannena suna dariya. Ga ni, da muryar saurayi mai rawar kai, ina cewa "to, a yi shiru." Ga tabarya tana sauka a turmi daga gidan maƙwabta, ga zakara da bai san lokaci ba. Can a baya, nesa da rakoda, sai wani tari guda biyu, da murya tana cewa, "Ku rage fitilar nan." Baba ne. Mutumin da ya ƙi akwati, akwati ya kama shi ta gefe. Kalma huɗu. Su ke nan abin da ya rage.

Sai aka ji ƙarar ƙofa, aka ji ƙas, aka ji numfashi kusa-kusa. Inna. Ta yi sallama ta yi shiru. Ta ce, "Kana lafiya?" ta yi shiru. Sannan ta kira sunansa. Sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ni, ta kira shi sau biyu, a hankali, kamar tana gwada nauyinsa a harshe. Abin da ta faɗa bayan haka nasu ne, ba zan rubuta ba. Minti goma sha ɗaya ne. Kusan rabinsu shiru ne, tana tambaya tana jira. A gaban mutane al'ada ta ɗaure mata baki, a gaban ɗan akwatin roba ta kwance. Ni da na yi shekaru ina cewa na'ura ta raba mutane, a daren nan ban san inda zan sa wannan ba.

Babban ɗana ya yi karatun kwamfuta a jami'ar Ngaundare. A 2021 ya zo hutu, ya nuna mini a waya cewa Baturen Holan da ya jagoranci ƙera kaset a kamfanin Philips, Lou Ottens, ya rasu. Ya ce a 1963 suka fito da shi, kuma wai da guntun katako ya auna girman na'urar, yana so ta shiga aljihun kwat. Na ce Allah sarki, ashe mutum ne. Daga nan ya ce, "Baba, kaset ɗin Kaka zai mutu. Duk sawa yana cin zaren. Ka bari in juye shi." Gaskiya ya faɗa. Na haɗa masa waya daga rakoda zuwa kwamfutarsa da hannuna.

Bayan kwana biyu ya kawo mini da murna. Ya ce ya wanke shi. Ya sa mini ekutar. Muryar Inna ta fito tas, kusa, kamar a cikin kaina take. Babu shuuu. Babu tabarya, babu zakara. Na jira tarin Baba, bai zo ba. "Ku rage fitilar nan" ta koma wani ɗan gurnani kamar ruwa a maƙogwaron buta. Sai sallamar Inna ta zo, na buɗe baki zan amsa, kafin in ce "wa alaikum" ta riga ta wuce "kana lafiya", ta wuce sunan, tana ta jero magana ba numfashi kamar mai karanta sanarwa. Minti goma sha ɗaya sun koma shida.

Na cire abin daga kunnena na ce, "Ina sauran?" Ya ce, "Ba a cire magana ko ɗaya ba, Baba. Hayaniya ce kawai da wuraren da ba komai." Na ce wa ya gaya maka ba komai? Ya ce manhajar ce take ganewa da kanta. Na ɗaga murya, abin da ban saba yi masa ba. Na ce manhajar ta san wa Inna take jira a wurin? Yaron ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Daga baya na ji kunya, don shi alheri ya nufa, kuma bai goge na asalin ba, yana nan a ajiye yadda ya fito daga zare. Ni da na cusa takarda a ramin kaset bakwai, ina da bakin yi wa wani faɗa a kan share murya? Da dare na kira shi na gaya masa labarin direban babbar mota. Shi ne mutum na farko da na gaya wa.

Mun yi hira mai tsawo a daren. Ya ce kowace na'ura zaɓe take yi, har rakodata: ƙaramin makirfon ɗinta bai ɗauki ƙanshin tuwon daren ba, bai ɗauki fuskar Inna ba, kuma shuuu ɗin da nake ƙauna ba a gidanmu yake ba, garin ƙarfen zaren ne. Na yarda. Na ce amma rakodata ba ta san bambancin Inna da zakara ba, duk abin da ya shigo ta karɓa, ta bar mini in zaɓa. Taka kuwa ta zaɓa mini tun kafin in ji. Ya ce, "To in hayaniyar ta hana a ji maganar fa?" Ban ba shi amsa ba. Bara kuma ya zo da wata: wai yanzu akwai manhajar da in ka ba ta muryar mutum ta 'yan mintuna, za ta iya faɗin duk abin da ka rubuta da muryar. Ya ce in ina so, Kaka za ta iya kiran sunayen jikokinta da ba ta gani ba. Tsigar jikina ta tashi. Na tuna Baba a kan buzunsa yana cewa a riƙa tashinsa ana sa shi magana. Na ce a'a, kada ya kuskura. Amma na kwana ina tunanin da akwai ko minti ɗaya na muryar Yaya, anya zan iya cewa a'a?

Maiɗakina, ita wankakken take so. Kunnenta ɗaya ya yi rauni, ta ce a na asalin ba ta jin abin da surukarta ke faɗa, sai ruwan sama. Ta sa an tura mata a waya, takan saurara tana tsintar shinkafa. Ta ce ni dai ina son wahala ne. Wataƙila. Yanzu abu uku ne a gidan: kaset a gwangwanin biskit, na asali a kwamfuta, da wankakke a wayarta. Kaset ɗin sau ɗaya nake sa shi a shekara, cikin azumi. Bel ɗin rakodar ya tsinke tuni, na yanko wani daga tsohon tiyub na babur, yana ɗan jan ƙafa, muryar Inna takan yi ƙasa kaɗan fiye da yadda take.

Azumin da ya wuce na sa shi bayan tarawihi, jikata 'yar shekara bakwai tana kwance a cinyata. Takwarar Inna ce, shi ya sa nake ce mata Uwata. Da aka zo sallama na amsa, ita ma ta amsa. Muna cikin dogon shirun da ke bayan sunan Yaya sai ta ɗago kai ta ce, "Kaka, akwai gyare a ciki." Na ce babu. Ta ce akwai, ga shi nan yana ta yi. Shekara talatin ina zaune tsakanin lasifika biyu, likita ya riga ya gaya mini siraran sautuka sun fara barin kunnena. Na mayar da zaren baya da biro don kada in wahalar da bel, na sake dannawa, na manna kunne a jikin rakoda. Shuuu kawai nake ji, shi ma ba kamar da ba.

Na ce, "Uwata, yana yi har yanzu?"

Ta ce, "Yana yi."

Na ce to ta gaya mini in ya tsaya.